Yinin Asabar a Gaban Akwatin Rediyo: Ire-iren Hausar da Ake Ji da Amfaninsu ga Malami

Abin da na yi nufi a cikin wannan 'yar takarda shi ne in bi shirye-shiryen da gidajen rediyo ke watsawa da Hausa a yini guda na ƙarshen mako, tun daga asuba har dare, in nuna irin Hausar da ake ji a kowane lokaci, sa'an nan in faɗi abin da nake gani malamin Hausa zai ƙaru da shi. Dalilin da ya sa na ɗauki wannan aiki kuwa wani abu ne da na lura da shi wajen duba takardun ɗalibai. In aka ce su rubuta insha'i a kan bikin aure ko cin kasuwar garinsu, sai da yawa su rubuta shi kamar mai karanta labarun duniya: ango ya bayyana cewa, uwar amarya ta yi kira ga, dattawan gari sun taka muhimmiyar rawa. Da na tambaye su dalili, sai suka ce ai wannan ita ce Hausa mai kyau, tun da ita ake ji a rediyo. Gaskiya ne ita ake ji lokacin labarai. Amma labarai ɗan yanki ne kawai na yini, balle fa ranar Asabar.

1. Ƙarshen mako da rediyo a ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa ranar da Bahaushe ya sani da girma ita ce Jumma'a. Hutun makarantar allo kuwa Alhamis ne da Jumma'a, har yau ma haka yake, kasuwanni kuma kowace da ranar cinta. Hutun Asabar da Lahadi ya shigo ne tare da ofis da makarantar boko, har ma kalmar sati, wadda ke gogayya da mako a bakinmu, daga sunan ranar Asabar na Turanci aka aro ta.

Rediyo ma baƙo ne, amma baƙon da ya daɗe har ya zama ɗan gari. A 1944 aka buɗe tasha a Kano, irin wadda ake ja wa waya zuwa akwatin da ke cikin gida. A ran 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shirin Hausa na minti 15, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1958 aka kafa gidan rediyon Nijar a Yamai, wanda daga baya aka sa wa suna Muryar Sahel. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan a Kaduna, wanda a 1978 ya koma ƙarƙashin Gidan Rediyon Tarayya. Jamus da Sin sun fara Hausa a 1963, Amurka a 1979, Faransa a 2007. Dokar 1992 ita ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe gidajensu a Nijeriya, a 2003 kuma Freedom Radio ta fara aiki a Kano. Saboda haka mai sauraro na yau ba ya zama a tasha ɗaya, juyawa yake yi, yinin da zan kwatanta kuma yinin irin wannan mai sauraro ne.

Abin da ya bambanta Asabar da sauran ranaku a fili yake. Ofisoshi a rufe suke, don haka labarin gwamnati yakan ragu. Mutane da yawa suna gida, suna da sukunin sauraron doguwar hira. Ranar ɗaurin aure ce, ranar ƙwallo ce kuma. Sai gidajen rediyo su sassauta, su cika lokacin da abin da ba ya samun fili a tsakiyar mako, watau hira da waƙa da wasa da gaishe-gaishe. Ma'anar wannan ga mai nazarin harshe ita ce, ranar Asabar maganar da aka karanta daga takarda takan ragu, maganar da ta fito daga baki kai tsaye ta ƙaru.

2. Daga asuba zuwa hantsi

Galibin gidajen rediyon ƙasar Hausa da karatun Alƙur'ani suke buɗe tasha, sa'an nan fassara ko wa'azi ya biyo baya. Hausar farko ke nan da kunne zai ji, watau Malamanci. Alamunta ba su ɓuya. Kalmomin Larabci suna da yawa a cikinta, kamar wajibi da mustahabbi da alal haƙiƙa, kuma malami yakan furta su da lafazin Larabci, ba yadda mutumin kasuwa ya hausantar da su ba. Ginin jimla kuma sau da yawa yakan bi na Larabcin da ake fassarawa, gaɓa gaɓa, yadda aka gada daga karatun zaure, har a ji aikatau ya riga mai aiki, kamar a ce ya ce shi mai littafi. Wannan salo ya girmi rediyo da ƙarnuka, amma rediyo ne ya fitar da shi daga zaure ya kai shi ɗakunan mata da rugagen makiyaya, musamman tun lokacin da gidan rediyon Kaduna ya riƙa watsa tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992.

Kafin rana ta ɗaga sai labarun duniya. Shekaru da yawa ke nan masu sauraro suka saba da shirin safe na BBC da ƙarfe shida da rabi agogon Nijeriya da Nijar, sauran gidajen waje da na gida kuma kowane da lokacinsa. Hausar labarai fassara ce, ko da wanda ya rubuta ta Bahaushe ne gaba da baya, gama labarin yakan iso ɗakin aiki da Turanci ko Faransanci, kuma agogo ba ya jiran mai fassara. Tilas mu yaba wa waɗannan ma'aikata, don sun yi wa harshen hidimar da ba a iya ƙidayawa. Hanyoyi uku suke bi in sabon abu ya zo. Wani lokaci su faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma: kakaki, abin busar da ake yi wa sarki, ya zama mai magana da yawun gwamnati; takunkumi, wanda ake ɗaura wa dabba a baki, ya zama horon da ake yi wa ƙasa ta hanyar hana ciniki da ita, a 2020 kuma ya sake zama ƙyallen rufe hanci da baki. Wani lokaci su siffanta abin, kamar jirgi mai saukar ungulu da tauraron ɗan'adam da yaƙin cacar baka. Wani lokaci kuma su ari kalmar su gyara mata zama, kamar sanata da gwamna da nukiliya.

Inda matsala take shi ne ginin jimla. Bahaushe in yana ba da labari, aukuwa yake jerawa ɗaya bayan ɗaya: gwamna ya je asibiti, ya duba marasa lafiya, ya ce za a ƙaro magani. Mai fassara kuwa, da yake yana bin sawun Turanci, sai ya ce gwamnan, wanda ya bayyana hakan a yayin da yake ziyarar gani da ido a asibitin, inda ya duba marasa lafiya, ya ƙara da cewa za a ɗauki matakin samar da magunguna. A dubi inda a cikin wannan jimla. Ba wuri take nunawa ba, ƙugiya ce kawai aka rataye jimla a jikin jimla. Haka kuma wanda ta fara cinye wadda da waɗanda a bakin wasu masu karatu, har a ji an ce mutanen wanda suka zo. Wannan ita ce Hausar da ɗalibanmu suka ɗauka ita ce ma'auni.

3. Daga hantsi zuwa azahar

Da hantsi sai sanarwa ta kankama, ranar Asabar kuwa ta ɗaurin aure ta fi yawa. Ita ma tana da nata ƙa'idodi waɗanda ba a rubuta ba amma kowa ya san su. Da sunan iyalai biyu ake farawa, a gayyaci 'yan'uwa da abokan arziki, a faɗi wuri da lokaci, a rufe da roƙon addu'a ga wanda bai sami zuwa ba. Sanarwar rasuwa da cigiyar yaro ko dabba kowace da irin tsarinta. A nan ne ɗalibi zai ga yadda ake jera sarauta da laƙabi da suna, da yadda ake amfani da jam'i don girmama mutum ɗaya.

Tsakanin sanarwa da sanarwa akwai talla. Wadda ta fi jan hankalin mai nazari ita ce ta masu maganin gargajiya, waɗanda kan sayi fili su yi ta bayani. Maganarsu maganar 'yan magori ce ta bakin kasuwa, da kirari da karin magana da sakaya sunan cuta, an ɗauke ta ɗungum an sa a gaban na'ura. Ba banza ba ne gidan rediyon Kaduna ya sa wa wani sanannen shirinsa suna Jakar Magori, watau jakar da ba a rasa kome a cikinta. Ba aikina ba ne a nan in yi hukunci a kan ingancin maganin, amma ingancin Hausar ba shi da shakka.

A wannan tsakani ne kuma akan sa shirin yara, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici, da shirin mata, da na manoma. A ganina shirin manoma ya fi kowane daraja ga ɗan nahawu, don a nan ne ma'aikacin rediyo kan fita da na'urarsa ya miƙa wa mutumin ƙauye, mutumin da bai taɓa zama ajin Hausa ba, ba ya kuma ƙoƙarin gyara bakinsa don kowa. In Basakkwace ne ko Bazamfare, za a ji shina maimakon yana, da munka da anka maimakon muka da aka, da tahi maimakon tafi. In Bakatsine ne za a ji zamna da sabka da amre a inda Bakano ke cewa zauna da sauka da aure. Ya kamata malami ya sani cewa siffar yamma ita ce tsohuwa, a bakin mutanen gabas ne baƙin leɓe da ke ƙarshen gaɓa ya narke ya zama wasali. In mutumin Zazzau ne ko Bauchi, sau da yawa za a ji rigan Audu da motan gwamna, gama bambancin jinsi ya yi rauni a can. In aka juya zuwa wata tashar Maraɗi ko Damagaram kuwa, sai a ji lakwal da mushe da jandarma, waɗanda aka aro daga Faransanci, a inda mutumin Nijeriya zai ce makaranta da malamin boko da wani irin jami'in tsaro. Duk wannan a cikin sa'a biyu ko uku, ba tare da mutum ya bar tabarmarsa ba.

4. Daga la'asar zuwa magariba

Da rana ta karkata sai ƙwallo, ko dai wasan gida irin na Kano Pillars, ko kuwa gasar Firimiya ta Ingila wadda samari ke bi kamar ta garinsu. Mai sharhin ƙwallo ba shi da takarda, ba shi da lokacin tunani, abin da ido ya gani shi baki zai faɗa. Saboda haka jimlolinsa gajeru ne ƙwarai: ya karɓa, ya juya, ya yanke mutum ɗaya, ya ɗaɗa ta, mai tsaron gida ya cafe caraf. A lura da abu biyu. Na farko, wannan shi ne ainihin jerin aukuwar da muka ce mai fassarar labarai ya bari. Na biyu, amsa-kama irin su caraf da tim da fyu, waɗanda kusan ba a jin su a labarai, a nan sun sami gida. Kalmomin wasan kuma sun nuna gwanintar ƙirƙira: alƙalin wasa, satar gida, bugun kusurwa, kunnen doki, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda jimla ce sukutum ta zama suna. Amma a gefe guda a nan ne Ingausa ta fi yawa, don mai sharhi in wasa ya yi zafi yakan jefo kalmar Turanci ko da akwai ta Hausa a kusa.

Bayan ƙwallo, ko kafinta, akwai Zaɓi Sonka, shirin da kusan kowane gidan rediyon Hausa ya taɓa yin irinsa. Dā da kati ake aikowa, har aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro gari gari. Yanzu kuwa waya ake bugowa ko a aiko da saƙo. Mai gaisuwa yakan jera mutane da inkiyarsu da unguwarsu da sana'arsu, ya zaɓi waƙa a sa musu. Wanda ke nazarin sunaye da laƙabi zai sami abin da ya ishe shi a nan.

Waƙar ita kanta wata makaranta ce. Da yawa daga manyan makaɗan fada mutanen ƙasar Sakkwato ne da Zamfara, kamar Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, don haka Bakano da Bazazzagi sun saba da Sakkwatanci ta hanyar waƙa tun suna yara, suna kuma jin daɗinsa. Ga Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da bakinsa na ƙasar Katsina. Ga Barmani Coge da Ɗanmaraya Jos, waɗanda suka rasu a 2013 da 2015. Ga kuma mawaƙan zamani masu kayan kiɗan lantarki, waɗanda Hausarsu ta samarin birni ce. Abin mamaki shi ne, ɗalibin da zai yi wa ɗan ajinsu dariya don ya ce anka, shi ne kuma zai rera anka ɗin nan da yamma in an sa faifan Ɗanƙwairo.

5. Da dare

Bayan isha'i gida ya taru, lokacin wasan kwaikwayo ke nan da doguwar hira. Wasan rediyo ba shi da fuska ba shi da tufa, da murya kaɗai mai sauraro zai gane wane ne basarake, wane ne bagidaje, wace ce kishiya. Saboda haka marubutansa suka zama gwanayen karin harshe tun ba a fara koyar da shi a jami'a ba. Gidan rediyon Kaduna ya yi fice a wannan fage da wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Samanja tsohon soja ne ya fito a soja, bakinsa kuwa Barikanci ne, watau Hausar da sojoji masu harsuna dabam dabam suka riƙa yi a bariki, mai gauraye da Turanci, wadda ba ta kula da jinsi ko baƙaƙe masu ƙugiya. Sunan ma kansa muƙamin soja ne aka aro, ɗan'uwan kofur da saje da kyaftin. Jama'a dariya suke yi, amma ga mai nazari wasan nan taska ce ta wani irin harshe da ba a rubuta shi ba.

Akwai kuma karatun littattafan hikaya, irin na Shafa Labari Shuni, inda rubutacciyar Hausa ke komawa baki. Gidajen waje su ma sukan ajiye shirye-shiryen hira don ƙarshen mako, kamar Gane Mini Hanya da Taɓa Kiɗi Taɓa Karatu da Amsoshin Takardunku na BBC. A irin waɗannan ne akan ji muryar Hausawan zango daga Kumasi ko Accra, waɗanda a bakinsu kyau kan koma cau, da na Kamaru da Cadi da Sudan.

Wanda ya ci gaba da sauraro har Lahadi zai ƙara jin iri guda, watau Hausar coci, ta wa'azi da waƙoƙin ibada, galibi a bakin mutanen Filato da kudancin Kaduna da Adamawa waɗanda Hausa harshensu na biyu ce. Ita ma tana da tarihi a rediyo, gama daga 1963 zuwa 1977 ana shirya Muryar Bishara a Jos a watsa daga Addis Ababa.

6. Abin da malami zai ɗauka

Abu na farko ya shafi daidaitacciyar Hausa. An gina ta a kan Kananci, an kuma raine ta a rubuce: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, Hukumar Hausa ta 1955, taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Garin da ake zama da garin da ake tuƙawa rubutunsu ɗaya, haka wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar sha'ani, haka kukan yaro da kukar miya. A dubi ya a cikin jimlolin nan uku: Audu ya zo, Audu ne ya zo, a ce wa Audu ya zo. Ta farko doguwa ce, ta biyu gajera mai karin sama, ta uku gajera mai karin ƙasa, alhali kuwa a takarda ba su da bambanci. Ashe ke nan littafi rabin ma'auni ya ba mu. Sauran rabin, watau lafazi, a bakin masu karanta labarai yake, ko sun sani ko ba su sani ba. Don haka ya kamata a ce wa ɗalibi ya koyi lafazi daga gwanin mai karatu, amma ginin jimla ya koye shi daga mai hira da mai tatsuniya da ɗan wasa.

Abu na biyu, kada malami ya kira karin harshe kuskure. Yaron da ya zo kwaleji daga Gummi ko Daura da bakin gidansu bai yi laifi ba. Abin da ake bukata ya iya rubuta daidaitacciya, ya kuma san inda kowace ta dace. Malamin da aka kunyata a kan bakin iyayensa, shi ma haka zai kunyata yaran da za a ba shi.

Ga wata hanya da na gwada, wadda kowace kwaleji za ta iya. A raba aji ƙungiya huɗu. Ranar Asabar kowace ƙungiya ta ɗauki minti 5 da wayar hannu: ɗaya labarai, ɗaya hirar manomi, ɗaya ƙwallo, ɗaya wasan kwaikwayo. Su rubuta abin da suka ji daidai yadda aka faɗa, ba gyara. Ranar Litinin a kwatanta tsawon jimloli, a fitar da kalmomin aro a faɗi asalinsu, a sa alamar tsawo da kari a kan layi biyu ko uku. Daga ƙarshe a sa kowa ya sake faɗin labarin nan na safe kamar yana ba kakarsa. A wannan mataki na ƙarshe ne ɗalibi kan gane da kansa abin da aka daɗe ana gaya masa.

Abu na uku roƙo ne ga 'yan'uwana masu bincike. Labarai suna da takarda, ana iya samunsu daga baya. Amma hirar manomi da kiran mai sauraro da sharhin ƙwallo, da zarar an faɗe su sun bi iska, in ba wani ya adana ba. Duk wanda ya ɗauki irin wannan magana, ya daure ya rubuta rana da tasha da garin mai magana, ya ajiye kwafi a sashensa. Nan da shekara hamsin, wanda zai so ya san yadda Hausawan zamaninmu ke magana in ba su riƙe da takarda, a irin wannan ajiya zai dogara.

Wannan shi ne iyakar abin da na ga ya kamata in gabatar yanzu. Inda na yi kuskure, ina fata malamaina da abokan aiki za su gyara.